Saƙon godiya daga Gadarif ta Sudan bayan gasar yara kan tsuntsayen ƙaura

Assalamu alaikum, 'yan uwa na nan Gadarif da na Kassala, Maiurno, Damazin da duk inda wannan saƙo ya iske ku. Alhamdulillahi, gasar zane da rubutu da muka shirya wa yaran unguwa ta ƙare lafiya ranar Asabar ta biyu ta watan Mayu, ranar da duniya ta ware don tsuntsayen da ke ƙaura. Akwai irinta a Oktoba, amma mun zaɓi ta Mayu saboda lokacin ne shamuwa ke sauka a garinmu, yaro zai ɗaga kai ya gan ta a kan bishiya kafin ya zana.

Godiya ta farko ga iyayenmu manoma. Da muka kai musu maganar, wani dattijo ya ce: "Ustaz, tsuntsun da ke cinye mana dawa shi za ku koya wa jikokinmu su so?" Gaskiyarsa ce kuwa. Duk wanda ya taɓa ganin jan baki ya sauka a gonar dawa kamar hadari ya san abin da Baba ke nufi. Sai da muka zauna muka rarrabe: jan baki daban, shamuwa daban. Ita fara take ci da tsutsa, ba ta taɓa hatsi. Tana yin sheƙa a wajenmu da damina, ta ƙyanƙyashe, ruwa na ɗaukewa ta nausa kudancin Afirka, can inda tasu daminar ke farawa. Tsattsewar da ke zuwa daga Turai da sanyi ita ma ƙwari take kamawa a sama. Ranar gasa Baban nan shi ya riga kowa zuwa, shi ya kuma gaya wa yara cewa a zamaninsu ko danƙo ba a ɗagawa a ƙarƙashin bishiyar da shamuwa ta yi sheƙa. Baba, Allah ya ƙara girma.

Muna gode wa malamin kimiyyar da ya zana taswira a jikin allo, ya nuna yadda tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya da rabi ke bi ta Bahar Maliya kowace shekara, wasu su tsallako ta mashigin Babul Mandab, wasu su biyo Nilu. Ya ba su labarin layin lantarkin nan na kusa da Port Sudan da ya daɗe yana kashe farar ungulu har aka sauya shi, da fadamun gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, inda tsuntsayen ruwa ke yada zango. Rabin yaran ba su san Dindir ba alhali ga ta nan kusa da mu, abin da ya kamata mu manya mu ji kunyarsa.

Malaman khalwa, wato makarantar allo, sun saki almajirai da wuri, kuma su suka duba rubutun waɗanda suka yi Hausa da ajami, don yawancinmu alƙalan Larabci kawai muka iya gyarawa. Iyayenmu mata sun kawo kisra, wato wainar dawa, da miya, 'yar uwarmu mai shayi ta ƙi karɓar ko fam ɗaya. Mai agashen bakin kasuwa, wato mai tsire, ya ciyar da duk yaron da ya shiga gasar, ba masu nasara kaɗai ba. Mai shagon da ya ba mu takardu ya ce kada a ambace shi, to ba mu ambata ba. Fenti bai ishe mu ba, sai yara suka koma ga gawayi da jar ƙasa, kuma zanen da ya zo na ɗaya da su aka yi shi: shamuwa tsaye a kan rufin bukka, fara a bakinta, an fito da farin cikinta da alli.

Godiya ta musamman ga iyayen da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro daga Madani, Sinja da Khartum, waɗanda duk da halin da suke ciki suka wanke 'ya'yansu suka kawo. Wata yarinya daga cikinsu ta rubuta wa shamuwa wasiƙa tana tambayarta ko ta bi ta kan gidansu, ko rufin na nan. Wanda ke karantawa bai iya kai ta ƙarshe ba, sai wani ya karɓa. Ita ta ci ta ɗaya a rubutu, kuma ba don tausayi ba ne, rubutunta ya fi.

Yara uku sun miƙa danƙonsu da kansu. Ba mu ce su kawo ba, ba mu kuma yi musu alkawarin komai ba.

Zanukan suna rataye a rumfar makaranta har Juma'a mai zuwa, duk mai so ya zo ya gani, bayan nan kowane yaro ya karɓi nasa. Wanda ke da ragowar fensir mai launi ya ajiye mana don ta Oktoba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da zaman lafiya Sudan.