Sati ɗaya na yi ina bin labarin Nijar da biro a hannu

Abin ya faro ne a teburin mai shayinmu nan Wunti a Bauchi, cikin Agustan 2023, bayan sojoji sun kifar da Shugaba Bazoum na Nijar, an rufe boda, Najeriya ta yanke musu wuta. Musu muke kamar za a ba hammata iska, ni ina ta yabon Rasha ina zagin Faransa, sai wani dattijo da baya rabo da 'yar rediyonsa ya ce min, "Yaro, ɗan Rasha nawa ka taɓa gani da idonka?" Na ce Baba ko ɗaya. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, don duk son da nake wa ƙasar a bidiyon TikTok da Facebook na tsince shi.

Shi ne na sayi littafin rubutu, kullum safe da dare ina bin labarin a BBC, RFI, DW da Muryar Amurka, wani lokaci in leƙa CRI, ina rubuta wa aka fara ba baki, wa aka bari ƙarshe, me aka tsallake. Ni dai ban kama kowa da ƙarya ƙiri-ƙiri ba, zaɓe ne kawai, kowa da inda yake haska fitilarsa. In aka ce "sojojin da suka yi juyin mulki" ranka daban yake ji da in an ce "gwamnatin riƙon ƙwarya", alhali Janar Tiani ɗin nan da ya karɓe mulki dai ake nufi. Haka jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, in ka ji shi ta bakin Sin zumunci ne da cigaba, in ka juya wata tasha bashi ne a wuyanmu, kuma duka biyun gaskiya ne fa.

Sai a lokacin na lura RFI ta Faransa ce, DW ta Jamus, CRI ta Sin, ba banza suka ɗauki Hausawa aiki suna mana magana da harshenmu ba. Ashe sojojin Nijar ma sun san haka, tunda a Agustan 2023 ɗin suka dakatar da RFI da France 24.

Da aka ɗaga tutar Rasha a Kano lokacin zanga-zangar Agustan 2024, ƙanina ya sa ta a status ɗinsa na WhatsApp. Ban masa faɗa ba, littafin na ɗauko na ba shi, na ce Auta jeka karanta, gobe ka zo mu yi magana.