Yabon da ya jawo mini kunya a Bergen

Mun dawo daga hutun Kirsimeti ke nan a nan Bergen, birni a ƙasar Norway, na ga wata 'yar ajinmu da muke shiri da ita, kumatu sun ciko, ta yi kyau abinta. Na ce mata, "Kai, kin yi ƙiba, lallai hutu ya karɓe ki!" Wallahi yabo na yi. Yarinyar nan ta yi tsit, fuska ta yi jajir, ta kwashi littattafanta ta koma can baya. Sati biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Wata 'yar Somaliya haifaffiyar nan ce ta zaunar da ni. Ta ce a Norway ba a tanka wa mutum kan jikinsa, ko da alheri ne. Har kalma gare su, kroppspress, wato matsin da matasa ke ji a kan surar jiki. Abin ya kai tun 2022 doka ta ce duk hoton tallan da aka gyara wa mutum jiki ko fata a cikinsa sai an manna masa alama. Ni kuma na taho da bakina na Fagge, inda idan ba a ce miki kin yi ƙiba ba, to "kin rame" za ki ji, a bi ki da "lafiya dai ko?"

Su nan ba sirantaka kaɗai ake so ba, har da ƙarfi. 'Yan mata na ɗaga ƙarfe kafaɗa da kafaɗa da samari, ga shi tun 2015 dokar aikin soja ta haɗa da mata. Abincin rana kuwa yankan burodi biyu da cuku. Ran Lahadi yawancin shaguna a rufe, kowa ya nufi dutse, ko ana ruwa, kuma a Bergen kusan kullum ana yi.

Don in wanke laifina na bi 'yan ajinmu hawan dutsen Ulriken, mai tsayin mita 643. Numfashi ya ƙare mini tun ba a yi rabi ba. Wata tsohuwa da ta girme wa Hajiya ta wuce ni da sandunanta biyu, har da murmushi. Amma na kai sama, da hijabina da komai, na ɗauki hoto ina ji da kaina, na tura gida.

Hajiya ta kira nan take. "Me aka aike ki ɗaukowa a can? Dubi wuyanki! Kada ki sa hoton nan a zauren 'yan uwa, sai a ce wahala kike sha." Ta hau ba ni labarin matar Yaya da ta fito daga jego ta yi ɓul-ɓul, ita ta dama mata kunun kanwa da hannunta kwana arba'in. Na ji ƙwalla ta taru mini, na juya wayar wai ina nuna mata taga.

Yanzu neman mai tahowa take yi ya kawo mini kilishi. Na ce mata ba a barin nama ya shigo daga Najeriya. Ta yi shiru, can ta ce, "To garin kunu fa? Shi ma haramun ne a wurinsu?"