Kirsimeti yini ɗaya ce, hutun yara kuwa makonni ne

Ƙannena da kuka fara tara iyali a nan Sakkwato, kuskuren da na fi daɗewa ina maimaitawa shi ne ɗora komai a kan ranar 25 ga Disamba. Kuɗi a kanta, ƙarfi a kanta, haƙuri ma a kanta yake ƙarewa. Alhali yara suna gida tun daga wajen tsakiyar Disamba har farkon Janairu, cikin tsakiyar hunturu, gida cike da baƙi. Wanda ya shirya wa yini ɗaya kawai, sauran kwanakin ne za su ba shi wahala.

A fara lissafi daga Janairu a dawo baya. Wasu wuraren aiki suna biyan albashin Disamba da wuri, mutum ya ga kuɗi a hannu ya manta cewa na gaba sai ƙarshen Janairu, wato mako biyar ko shida ke nan. Kafin a sayi ko albasa, a ware kuɗin makaranta na zango na biyu, da na haya in ya kusa, da na abincin Janairu. Abin da ya rage shi ne kuɗin biki. Ni yanzu kashi huɗu nake yi masa: biyu na abinci, ɗaya na sutura da kyaututtuka, ɗaya kuma ba a taɓa shi sai ciwo ya zo ko baƙon da ba a zata ba. Na ci bashi don biki fiye da sau ɗaya, kuma kowane karo yara ne suka biya shi a Janairu, domin su ne aka koro daga makaranta. Wannan lissafi mata da miji su yi shi tare a takarda, har da abin da za a aika wa iyaye na kowane ɓangare. Yawancin faɗan da ake yi ranar 24 ga wata, in ka bi asalinsa, kuɗi ne da ɗaya ya kashe ɗaya bai sani ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yadi ya isa hannun tela tun farkon Nuwamba, a kuma gaya masa ranar karɓa wadda ta riga ta gaskiyar da kwana goma. Takalmin yaro kuwa, a ɗora ƙafarsa kan takarda a zana, a tafi kasuwa da zanen, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. In kuɗin bai kai ga kaya biyu ba, rigar sanyi da hula da safa sun fi kayan ado na biyu amfani, don su za a sa kowace asuba har Fabrairu.

Shinkafa, mai, magi, sukari da fulawa ana iya sayensu tun Nuwamba. Kaji ne ba a gaggawa da su. Hunturu lokacin fakat ne, cutar da ke sa kaza koren zawo da murɗewar wuya, kuma kaza ɗaya mai ita tana iya gamawa da duk na gida cikin 'yan kwanaki. Na yi asarar nan saboda neman araha. A saya saura kwana biyu ko uku, a zaɓi mai kuzari da busasshen hanci, kada a haɗa ta da kajin gida. Akuya ko tunkiya daga kasuwar Kara ta fi jure ajiya, amma a sa kuɗin harawa da dusa cikin lissafi kafin a ce an samu sauƙi.

Batun yanka yana da muhimmanci a garin nan. Maƙwabtanmu Musulmi suna aiko mana da nama da tuwo ranar Sallah, mu ma muna so su ci namu da kwanciyar rai. Saboda haka a kira mahauci Musulmi ya yanka, kuma a gaya wa maƙwabta haka tun kafin kwano ya isa. Tukunyar da za a fitar da rabonsu kada ta haɗu da wani abin da addininsu ya hana. A aika abincin da zafinsa, a hannun yara, bayan an koya musu yin sallama da gaisuwa yadda ya kamata. In wani ya ce ya gode amma ba zai karɓa ba, a koya wa yaro ya dawo da kwanon ba tare da ɓata fuska ba, washegari kuma a gaisa kamar kullum.

Wajen girki, ma'aunina shi ne gwangwanin madara ɗaya na ɗanyar shinkafa ga babba, rabi ga yaro, sannan a ƙara na mutum biyar saboda masu shigowa. Abin da ya fi kwantar da yara a ranakun 26 da 27 shi ne shinkafar da ta wuni a kula. Shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe ta gaba ɗaya. In abincin ya zauna da ɗumi-ɗumi na sa'o'i, ƙwayar takan yaɗu ta saki dafi, kuma ɗumame ba ya karya dafin. Wadda ba za a ci nan take ba, a baza ta a faffaɗan tire ta huce, ta shiga firij kafin awa biyu. Salak kuwa a yanka kayan a ajiye, kada a zuba masa mayonis sai za a ci. In an ɗauke wuta, firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa huɗu, firiza cikakkiya kwana biyu, rabin cika kwana ɗaya. Don haka a hana yara buɗe-buɗen neman lemo. Naman da ba a da tabbacin wutar lantarkin ajiye shi a firiza, a soya shi ya bushe sosai yadda ake yi wa na layya.

In duk da haka zawo ya kama yaro, a haɗa lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko a yi amfani da na leda da ake sayarwa a kantin magani. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da abinci da nono. A haɗa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Jini a kashi, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, wannan na asibiti ne, ba a jira gari ya waye.

Yanzu ga inda nake so ku fi buɗe kunne, wato hunturu da wuta. Na kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe saboda sanyi, kuma sai daga baya na san girman haɗarin da na jefa iyalina. Gawayi mai ci yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya jin komai har ta gama da shi, kuma ƙananan yara ta fi saurin kayarwa. Janareta ma haka yake: kada ya kwana a zaure, ko kicin, ko ƙarƙashin tagar ɗakin kwana. A ɗumama jiki da garwashi a tsakar gida, a kashe shi da ruwa, a shiga ɗaki da bargo.

Ruwan wanka ma yana ƙona yara da yawa a wannan lokaci. A fara zuba na sanyi a bokiti, sannan a kawo na zafi a sirka, kada a ajiye tafasasshen ruwa a ƙasa a tafi ɗebo na sirki. In ƙuna ta faru, a zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsafta na minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja ko ƙanƙara. Ƙuna a fuska, ko hannu, ko al'aura, ko wadda ta fi tafin hannun yaron faɗi, a kai asibiti. Kananzir da fetur kada a zuba su a robar lemo, musamman a mako irin wannan da yaro ke ganin kowace roba abin sha ce. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin amai ne ke tura man cikin huhu. Abin fashewar nan da yara ke kira nokawut, ra'ayina a hana shi gaba ɗaya. Yana fasa yatsu da ido, kuma a halin tsaron da ake ciki ƙararsa tana firgita unguwa.

Sauran na hunturu ƙanana ne amma na kullum. A shafa man kaɗe ko Vaseline bayan wanka tun jiki da danshi, har leɓe da diddige. In haɓo ya ɓalle, yaro ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hanci minti goma ba saki. Mai asma a duba abin shaƙarsa kafin kantuna su rufe hutun 25 da 26. Tari da mura ba abin tsoro ba ne, amma a ƙirga numfashi yaro na kwance: sau 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 12, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce. Yankinmu kuma yankin sanƙarau ne, kuma da rani yake tasowa. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ko fizge-fizge ba a gwada musu maganin gida, kuma cusa mutum goma a ɗaki ɗaya ba taga yana taimaka masa yaɗuwa.

Masu zuwa gida, ko Zuru ne, ko kudancin Kaduna, ko Jos, ku shiga mota a tasha, ku tashi da sassafe bayan gari ya waye, ku isa kafin duhu. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa kowa ya san halinta na rashin tsaro, a tambayi direbobin tasha labarinta a ranar tafiyar. Hazo yana rage gani a hanya, yana kuma sa a soke tashin jirgi, don haka kada a bar tafiya sai 24 ga wata. Yara a kujerar baya, kowane da takarda a aljihu mai sunansa da lambar wayar iyaye. Lambar gaggawa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra 122. In kuɗin mota zai cinye na makaranta, zama a Sakkwato ba laifi ba ne. A kira tsofaffi a yi musu bayani, a aika abin da ya samu.

Baƙi kuwa albarka ne, amma kada kunyar baƙo ta sa a saki ido a kan yaro. Ƙananan yara su kwana kusa da iyayensu ko da za a matsu. A gaya musu a fili cewa ba wanda ke da izinin taɓa tsiraicinsu ko kai su wani wuri a ɓoye, ko ɗan'uwa ne, kuma in sun faɗa ba za a doke su ba. Yawon barka da Kirsimeti a yi shi cikin rukuni, da babba ɗaya, gidajen da aka sani, a dawo kafin magariba. Kuɗin da suka samo a ƙirga tare da su, a bar musu wani kaso, a ajiye sauran da saninsu. Na sha karɓe wa yara kuɗinsu da sunan ajiya ban mayar ba, kuma abin da suka koya daga nan shi ne ɓoye mini. Samari da 'yan mata kuma a san gidan da za su, da wa, da lokacin dawowa, domin a irin waɗannan tarukan ne ake fara kurɓar giya da ƙwaya.

Wani abin da nake nadamarsa shi ne karanta sakamakon jarrabawa gaban baƙi, da gwada yaro da ɗan wane. A duba takardar a keɓe, a zaɓi darasi ɗaya da ya fi rauni, a ba shi rabin awa kowace safiya bayan karin kumallo, shi ke nan. Aikin gida ma a raba shi tun 23 ga wata, a rubuta wa kowa nasa, maza da mata: wanke-wanke, shara, ɗiban ruwa, fige kaji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma uwar da ta kwana a murhu ita ce za ta kasa zuwa sujada, ita ce kuma za ta yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ba. Maigida ya ɗauki yara da aikin yanka da rabon abinci a wuyansa.

Kada hidima ta cinye dalilin ranar. Kwana bakwai kafin Kirsimeti, bayan abincin dare, a zauna minti goma: a karanta Luka 2:1-20 kashi-kashi, wata rana Matiyu 2:1-12, yaro mai iya karatu shi ya karanta, a yi waƙa ɗaya da Hausa, ƙarami ya yi addu'a. Sujadar daren 24, ko a babban cocin Holy Family ne ko a majami'ar unguwa, a tambayi lokacinta tun ranar Lahadi domin yakan canja, yara kuma su yi barcin rana su sa rigar sanyi. A bar kowane yaro ya zaɓi kaya ɗaya mai kyau daga nasa ya kai wa wanda ba shi da shi, da hannunsa.

Barci shi ne ke fara lalacewa a hutu. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12, kuma rabin rigimar da ake gani da rana daga ƙarancinsa take. Dare biyu kawai nake yarda a wuce lokaci, na 24 da na 31. Waya ta kwana a ɗakin iyaye. Saura mako guda a koma makaranta, a riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 kowane dare, a fito da kayan makaranta a gwada ko sun matse, a duba aikin hutu tun ranar 2 ga Janairu, a kuma kai kuɗin da aka ware banki kafin layi ya yi tsawo.