Talata, ranar awon hanyar fitsari

Yau dai na je awon nan da na yi wata biyu ina ɗagawa. Tun haihuwar Auta, ta biyar ke nan, in na yi tari ko atishawa ko dariya ta ƙwace mini, sai fitsari ya ɗigo. Abin da ya fi damuna sallah ce, kullum cikin sauya zane da sake alwala. Gwaggo ta kafe wai yoyon fitsari ne, a kai ni asibitin masu yoyo na Babbar Ruga a Katsina. Likita ta ce ba shi ba ne. Mai yoyo huda ce a mafitsararta, dare da rana zuba yake. Nawa sai ciki ya matsu yake fita, don haka ƙarfin matsewar hanyar za a auna.

Kunya kam na sha ta. Allah ya taimake ni mata ne su biyu a ɗakin. Sista ta ce, "Maman Auta, saki jikinki, ba allura ba ce." Ta zura wata siririyar roba har cikin mafitsara, ta sa wata ta baya don auna matsin ciki, aka ɗura ruwa.

Sai na'ura ta shiga jan robar waje a hankali, kamar milimita 1 a daƙiƙa. Ashe hanyar fitsarin mace duka-duka ba ta wuce santimita 4 ba! A kwamfuta na ga layi yana hawa kamar tudu, yana sauka. Likita ta nuna mini ƙololuwar, ta ce nan ne naman ya fi damƙe hanyar. In aka debe matsin mafitsara daga matsin wurin, abin da ya rage bai kai santimita 20 na ruwa ba a ma'aunin matsi, to naman ya raunana sosai. Nawa ya haura, alhamdulillahi. Amma da aka ce in yi tari, sai ga shi ya zubo a gabansu. Na so ƙasa ta tsage in shige, su kuwa ko a jikinsu, abin da suke jira ke nan.

Ba tiyata yanzu. Atisayen matse naman ƙasa zan riƙa yi, sau uku a rana, wata uku, sannan in koma.

Fitsari na ɗan yi mini zafi da yamma, an ce in sha ruwa da yawa zai wuce. Gwaggo ta kira sau biyu, na bari sai gobe.