Kwana ne ya ƙare, amma me ya tsayar da ita a gida?

Idan mai jego ta rasu ta bar jinjiri, ko matashi ya tafi bagatatan, kunne yakan ji abubuwa iri-iri a wajen zaman makoki. Wani ya yi ƙasa da murya ya ce alhaki ne ya kama gidan, yaran da suka tashi da fina-finan Indiya kuma su ce karma ce. Uwa cikin zafin rashi ta ce me ta yi wa Allah. Mafi yawa dai su ce kwana ne ya ƙare, a shafa Fatiha, a rufe zancen.

Karma aƙida ce ta mabiya addinin Hindu da na Buddha, kuma a jingine take da imanin cewa rai yana mutuwa ya sake dawowa duniya a wani jiki, yana girbar abin da ya shuka a baya. Musulmi bai yarda da haka ba. Jinjiri ba ya zuwa da bashin wata rayuwa, kuma Suratul An'am aya ta 164 ta ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Ibrahim, ɗan Annabi (SAW), ya rasu bai cika shekara 2 ba. Laifin wa ya biya? Mahaifinsa ya zubar da hawaye, ya ce zuciya tana baƙin ciki, amma ba za mu faɗi abin da Ubangiji bai yarda da shi ba. Don haka uwar da maganar saɓo ta suɓuce wa cikin gigita, lallashi take buƙata a ranar, nasiha ta biyo daga baya.

Abin da ya fi damuna shi ne "kwana ne ya ƙare", saboda gaskiya ce da ake fakewa da ita. Ajali ba ya jinkiri, ba ya gaggawa, babu musu. To amma da ajali yana wanke mai sakaci, da Suratun Nisa'i aya ta 92 ba ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya yi kisa bisa kuskure ba, har da azumin wata 2 a jere. Allah Ya sani, Ya rubuta, amma bawa da zaɓinsa yake aikatawa, kuma a kan zaɓin za a tambaye shi. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya kai Sarg a hanyar Sham, ya ji labarin cutar, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce, ƙwarai, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Mu ɗauki zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne kan gaba wajen kashe masu jego a duniya. Idan jinin ya kai rabin lita cikin awa 24 an shiga haɗari, kuma mai tsanani yana iya kashe mace cikin awa 2. Galibi mahaifa ce ke ƙin tsukewa. Wani lokaci guntun mabiyiya ne ya maƙale, ko an sami yagewa. A asibiti ana yin allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta tsuke, cikin minti 1 da fitowar jariri. Sai dai allurar tana son sanyin firji, wadda ta kwana cikin zafin shago ƙarfinta ya ragu. Inda babu ita ana ba da misoprostol, ƙwaya 3 masu maikirogiram 200, bayan jariri ya fito kuma an tabbatar babu na biyu a ciki. Macen da aka ba maganin tun tana naƙuda don a "ƙara mata zafi", mahaifarta na iya fashewa.

A gida kuwa ga inda ake asarar lokacin. Ungozoma ta ce ƙazanta ce ke fita, a bari ta tsiyaye. Zani ya jiƙe, a sauya, na biyu ya jiƙe. Maigida yana kasuwa, ba wanda zai fitar da matarsa ba da izininsa ba. Kafin ya dawo, a samo mota, a tara kuɗin mai, ta fara jiri, zufa mai sanyi tana keto mata, tafin hannu ya yi fari. A isa asibiti a ce sai an kawo masu ba da jini. Kowane mataki a nan mutum ne ya zaɓa, ko ya ƙi zaɓa.

Tun ciki yana wata 7 ya kamata maigida ya furta izinin a gaban mahaifiyarsa da ungozoma: ko ba na nan, a kai ta. A san rukunin jininta a wajen awo, a tanadi 'yan uwa 2 da za su iya ba ta, a ajiye lambar direba da kuɗin mota daban. In jini ya ɓalle, a dafa ƙasan cibiya. Idan mahaifa ta yi laushi maimakon ta yi tauri, a yi ta murzawa da ƙarfi, a sa ta yi fitsari, a ɗora jariri a nono, kuma duk wannan ana kan hanya ne, ba a zaune ana jiran a ga abin da hali zai yi ba.