Daga Kano zuwa Tegidda a Tsohuwar Land Cruiser

Motar da na yi wannan tafiya da ita zuwa Tegidda, garin gishiri a ƙasar Nijar, 'yar Kwatano ce, Toyota Land Cruiser samfurin 80, irin wadda aka ƙera tsakanin 1990 da 1997, mai injin dizal 1HZ na lita 4.2 da silinda 6. Na zaɓe ta ne domin injinta ba ya dogara da kwamfuta, kuma da wuya a sami garejin da ke tsakanin Kano da Agadas wanda ba a taɓa kwance irinsa a ciki ba. Lambar tafiyar da agogonta ya nuna kuwa ban ɗauke ta da muhimmanci ba, tun da duk wanda ya saba da kasuwar motocin hannu ya san ana mayar da agogo baya.

Abokai sun yi ta ba ni shawarar in sa mata ƙaton ƙarfe a gaba, da fitilu a kan rufi, da manyan tayoyi masu kaushi. Bakanikena, wani dattijo da ya daɗe yana gyaran motocin masu shiga daji, ya saurare su har suka gama, sannan ya ce mini, "Alhaji, kuɗin nan mu fara zuba shi inda ido ba ya gani." Ya canza bel ɗin da ke daidaita bugun injin, wanda ƙa'idarsa a sauya shi duk kilomita 100,000, saboda idan ya tsinke ana cikin gudu injin ne gaba ɗaya zai tashi aiki. Ya cire lagireto aka wanke cikinsa, ya sabunta famfon ruwa da dukkan tiyo, sannan ya kwance ƙafafun gaba inda ya tarar man giya ya ratsa ya gauraye da giris, alamar robobin da ke tare man sun mutu. Shokozoba huɗu da sifirin baya duk sababbi muka sa. Yawancin kayan a Ƙofar Ruwa muka samo su, kuma a can na ga yadda dattijon yake fifita tsohon ƙarfe na asali a kan sabon jabu mai kyan kwali.

Batun taya shi ne ya fi cin mana lokaci, domin a nan ne bukatar kwalta da ta daji suke karo da juna. Taya mai manyan haƙora tana da amfani a taɓo, amma a kwalta tana kuka, tana ƙara shan mai, a rairayi kuma tona rami take yi ta binne motar. Tayar cikin gari tana da laushi da shiru, sai dai gefenta ba shi da kauri, ƙayar aduwa ko tsinin dutse kan huda ta nan da nan. Muka tsaya a kan matsakaiciya, mai kaurin gefe, a bisa ƙarfen taya na inci 16, saboda tsayin gefen ne yake ba da damar rage iska ba tare da ƙarfen ya daki ƙasa ba. Na tanadi safaya biyu, da ƙaramin injin hura iska mai aiki da batir, da ma'aunin iska, da shebur, da igiyar ja, da faffaɗan katako na ɗora jek. Jarkokin mai da na ruwa a cikin motar muka ɗaure su, ƙasa-ƙasa a bayan kujera, domin nauyi a kan rufi shi ne yake kifar da doguwar mota a kwana.

Mun bi ta Kazaure da Daura, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam bayan an duba takardun mota da inshorar ECOWAS, muka wuce Matamai da Takeita zuwa Damagaram. Duk wannan tafiya da ƙafafun baya kaɗai aka yi ta, makullan da ke haɗa ƙafafun gaba da giya suna sake. Motata tana cikin waɗanda ake haɗa ƙafa huɗu da hannu, kuma a irinsu, idan aka haɗa a busasshiyar kwalta, tayoyin gaba da na baya sukan tilasta wa juna gudu ɗaya ko a kwana, har ƙarfin ya taru a giya ya yi ɓarna.

Daga Damagaram zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne, wani yanki na babbar hanyar da ta haɗa Aljas da Legas. Mun wuce matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011, muka shiga ƙasar Damargu har Tanut, daga nan sai Adarbisanat. A lokacin da muka bi, akwai wuraren da kwaltar ta farfashe har direbobi suka gwammace su sauka gefe su bi sawun manyan motoci. A ganina wannan gargada ta fi rairayi wahalar da mota, domin tana kwance kusoshi ɗaya bayan ɗaya tana kuma dafa shokozoba. Duk inda muka tsaya salla nakan zagaya da sifana in ɗaure abin da ya saki, in kuma leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigon mai. Allurar zafi ba ta taɓa wuce tsakiya ba, har muka gangara ta duwatsun Tigidit muka hango hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27.

A Agadas muka ɗauki wani Buzu direba ya yi mana jagora zuwa Ingal, garin dabino da ake taron shan gishirin dabbobi a cikinsa duk watan Satumba. Bayan Ingal babu sauran kwalta. Filin Irazar shimfiɗaɗɗen yumɓu ne wanda damina kan mayar da shi taɓon da ba ya ratsuwa, da rani kuwa ya bushe ya tsattsage, ga busassun ƙoramu cike da rairayi suna gitta hanya. Da muka iso bakin wata mai faɗi, jagoran ya sa na tsaya, ya sauka ya taka rairayin da ƙafa har tsallake, ya dawo ya murɗa makullan ƙafafun gaba. Daga nan ya tsuguna gaban kowace taya yana danna bakin iskarta da tsinke, yana duba ma'auni, har ta sauko daga 36 zuwa 18, cikinta ya baje a ƙasa kamar tafin raƙumi. Ya ce, "Malam, ka sa ƙaramar giya ta biyu, ka riƙe wuta daidai, kada ka taɓa kuloci, kada ka karya kan mota da ƙarfi." Motar ta yi gurnani ta haye ba tare da ta tona ba. A can gefe akwai wata Hilux da aka yi wa lodin buhuna har sama, ta kafe zuwa cikinta da tayoyi cike da iska, sai da muka koma da igiya da shebur kafin ta fito.

Tegidda-n-Tesum ba ta kai kilomita 100 daga Ingal ba, amma ta cinye mana mafi yawan yini. Mun tarar da ɗaruruwan ƙananan ramuka na yumɓu, inda ake jiƙa ƙasa mai gishiri da ruwan rijiya, a tace, a bar rana ta ƙafar da shi, gishirin kuma akasari dabbobi ake kai wa. A hanyar dawowa, kafin mu hau kwalta, muka tsaya muka mayar da iska 36, domin taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi a gudu har ta fashe.

Da muka iso Kano dattijon ya sake ɗaga motar. Ya cire matatar iska cike da ƙura, ya sami robobi biyu na ƙarƙashi sun tsage, da ƙaya a wata taya da muka riga muka sauya da safaya a hanyar Ingal. Shawarar da ya ƙara ita ce a sa matatar mai ta biyu mai raba dizal da ruwa kafin a sake nufar arewa, saboda man da ake saya a jarka a ƙauyuka, kuma ita muka sa a makon da ya biyo baya.