Ku bar direba ya tsaya in kori ya kawo

Tun damanar 2024 nake son rubuta maganar nan amma duk sanda na ɗauko waya sai zuciyata ta yi nauyi in aje. A watan Agustan shekarar ne nan jiharmu ta Tawa ruwa ya kwashe motoci da fasinja a ciki, mutum sama da 50 suka rasu rana guda, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta. Damanar ƙasa baki ɗaya ta ji jiki, waɗanda ruwa ya yi ajalinsu a Nijar sun haura 300, har Yamai sai da aka yanke mata hanyar Doso manyan motoci suka yi layi ba shiga ba fita. To ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kuma, shi ya sa na ce yau sai na faɗa.

Sau da yawa mu fasinja ne ke tura direba cikin ruwa da bakinmu. Na san haka don ni ma na taɓa yi.

Muna dawowa daga wajen Keita ne cikin hiyas, an cika ta maƙil ga kaya bisa, bayan la'asar, sama garau ko ɗigo bai sauka kanmu ba. Wanda ya san ƙasar Adar ya san halinta, ruwa zai zuba can bisa duwatsu inda ba ka gani, dutse kuwa ba ya shan ruwa, duk sai ya gangaro lokaci ɗaya ya bi kori, wurin da ka wuce da safe yashi ne busasshe awaki na kwance, da yamma ka tarar da jan ruwa yana ruri yana tafe da itace da kara. Haka muka iske radiye, simintin nan da ake shimfiɗawa a gindin kori maimakon gada. Direbanmu dattijo ne, ya taka birki ya kashe mota ya fito ya tsaya yana kallo.

Nan mota ta ɗau hayaniya. Wani ya ce magariba za ta same mu a daji, wata Hajiya ta ce jikanta ba lafiya likita za ta kai shi, ni kuma na leƙo ta taga na ce haba Baba, ruwan nan fa ko gwiwa bai kai ba, mu shiga mana. Ya juyo ya dube ni ya ce ɗana, ba zurfinsa nake kallo ba, gudunsa nake kallo, in kana sauri ga hanya nan sauka ka taka da ƙafa in gani. Wallahi a lokacin haushi na ji.

Ba a yi minti goma ba sai ga wata katkat, motar nan 4x4, ta taho tana oda, ta ratsa gefenmu ta faɗa. Farko kamar za ta wuce. Tana kaiwa tsakiya injin ya mutu, sai muka ga bayan motar ya fara karkacewa a hankali kamar ana tura ta da hannu, na ciki suna ta dukan ƙofa ta ƙi buɗuwa, mu a bakin ganga sai salati, Hajiyar nan ta rufe ido da mayafi. Allah ya sa gilashin direban a sauke yake, ta nan su uku suka fito ɗaya bayan ɗaya suka hau rufi, samarin ƙauyen da ke kusa suka jefa masu igiya aka jawo su. Na ƙarshe na fita motar ta zame daga kan siminti ta kife.

Daga baya na nemi sanin yadda ruwa ɗan wannan zai ɗauki katuwar mota haka. Ashe lita 1000 na ruwa nauyin tan guda ne, wato tano biyar kacal, irin duron nan mai cin lita 200, to ka lissafa tano nawa ke bugun gefen mota kowane daƙiƙa in kori ya kawo. Ruwa mai gudu in ya kai santimita 15, ɗan sama da idon sawu kenan, yana iya kada babban mutum. Santimita 30 ya isa ya ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa har katkat tafiya yake da ita. Mota a cikin ruwa ƙwarya ce, akwai iska a cikinta, tana fara tasowa taya ta saki ƙasa to birki da sitiyari sun gama aiki, ruwa ne direba. Ga shi ruwan kori ja ne ba ka ganin ƙasansa, sau tari ya riga ya cinye ƙarƙashin radiye ko ya ɓalle gefen gudron, kana zaton hanya ce ashe rami ne. Injin ma in ya shaƙi ruwa ta inda yake jan iska mutuwa yake nan take, wanda ya dage da murza makulli kuma sai ya ƙarasa shi.

Amma in ƙaddara ta riga fata ka tsinci kanka a ciki, don Allah ka riƙe wannan, ƙofa ba za ta buɗu ba. Ruwan waje ya danne ta, ƙato ma sai ya gaji a banza, lokacin kuwa kaɗan ne, kamar minti guda kake da shi kafin ruwa ya kai gilashi. Kwance bel, sauke gilashi maza tun batir na aiki don motocin yanzu na latsawa ne, in ya ƙi a fasa na gefe ta kusurwa da ƙarfe mai tsini, na gaba ba ya fasuwa da sauƙi kar a ɓata lokaci kansa. Yara a fara fiddawa, babba tukun don ya kama ƙarami, sannan kai. A hau rufi. Kar a tsaya neman waya ko jakar kuɗi, kiran pompiye, 'yan kwana-kwana, a lamba 18 sai an fita, gaban mota ne ke fara nutsewa saboda nauyin inji kuma ba ya jira.

Abin da ke hana ni barci shi ne wannan duk lissafin ƙaramar mota ne mai mutum huɗu biyar. Motocinmu na kasuwa fa? Mutum 19 ko fiye, ƙofa ɗaya ce ta ja, an tare ta da buhun albasa ko gero, tagogin baya wasu an ɗaure da waya wasu sun shekara ba su motsa ba, mata da goyo, tsofaffi a can kujerar ƙarshe gwiwa ta maƙale, kuma yawancinmu nan ba mu iya ruwa ba, ba a bakin kogi muka tashi ba. Wa zai fita cikin minti guda a haka? Shi ya sa nake ganin duk wanda ya ɗaga murya ya ce direba shiga, ya sa hannu a abin da zai biyo baya, kuma masu motoci da shugabannin tasha ya kamata su daina ganin laifin direban da ya kwana a hanya saboda ruwa, kar a ce masa rago kar a yanke masa kuɗi. Direbobin da ke shiga don kar a ce wane ya wuce kai ka tsaya, ku ma ku ji tsoron Allah, rayukan nan amana ce aka ba ku.

Cikin gari ma ba a tsira ba, kanibo, magudanar ruwan gefen hanya, marar murfi in ruwa ya shafe shi ba a bambanta shi da hanya, 'yan kabu-kabu da masu adaidaita ku kula, musamman da dare.

Mu dai ranar mun yi kusan awa uku a bakin korin, muka yi magariba a nan bisa yashi. Da ruwa ya ja, Baba ya sa yaron mota ya shiga da sanda yana dungurin simintin har ya ƙetare ya dawo, sannan ya ce kowa ya sauke gilashinsa kafin ya tada mota. Da muka iso tashar Tawa bayan isha'i na zagaya wajensa na ce Baba ka yafe mini maganar ɗazu. Ya ce ba komai ɗana, je ka taya Hajiya ɗaukar yaron nan ku samo mata adaidaita zuwa likita.